Koya Wa Yara Kwatanta Abu Biyu A Gida

Duk malamin da ya daɗe yana duba takardun jarrabawa ya san wata irin amsa wadda takan sa shi ya ajiye jan biro ya yi tagumi. An ce wa ɗalibi ya kwatanta zaman ƙauye da zaman birni. Sai ya cika shafi guda da labarin ƙauye: akwai gonaki, akwai rafi, mutane suna gaida juna, da dare yara suna wasa a farin wata. Sa'an nan ya juya takarda ya cika ta da labarin birni: akwai motoci, akwai asibiti, akwai babbar kasuwa, akwai ɓarayi. Rubutun hannunsa mai kyau ne, babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ya faɗa, ya kuma fita daga ɗakin jarrabawa yana murna. Amma bai amsa tambayar ba. Labari biyu ya bayar, ya zaunar da su kusa da juna kamar baƙi biyu a kan bencin tashar mota, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa sannu.

Wannan matsala ba ta darasin Turanci ko na Hausa kaɗai ba ce. A jarrabawar WAEC da ta NECO, da ƙyar ɗalibi zai ƙare takardar kimiyyar halittu, ko labarin ƙasa, ko aikin gona, ko ilimin gwamnati, bai gamu da tambayar da ta ce ya bambanta wannan da wancan ba, ko ya nuna inda suka yi kama. Maki mai yawa yakan zube a nan, sau da yawa kuwa ba don yaron bai san abin ba ne. Ya sani sarai. Abin da bai iya ba shi ne ɗora abu biyu a kan ma'auni ɗaya.

Domin haka nake roƙon iyaye da masu riƙon yara su ba mu hannu a lokacin hutu. Na san wasu za su ce, "Malam, ni ban yi boko ba, me zan koya masa?" Sai in ce, wannan fanni ne da kuka fi mu ƙwarewa a ciki. Uwar da ta tsaya a kasuwa tana juya ƙwaryar wake biyu, tana duba wanne ne ya fi tsabta, wanne ne ƙwari suka huda, wanne zai fi saurin dahuwa, wanne ya fi araha, ta riga ta yi dukan aikin da muke nema daga ɗalibi. Bambancin kawai shi ne ita a ka take yi, shi kuwa a takarda ake so ya yi.

Ma'auni ɗaya

Bari mu ɗauki abin da kusan kowane gida ya sani, wato gero da dawa. A ce uba ya tambayi ɗansa, "Mene ne bambancin gero da dawa?" Yaro zai iya cewa, "Baba, gero ana yin fura da shi, dawa kuma tana da tsawo." Duka maganganun biyu gaskiya ne, amma ba su haɗu ba. Ya auna gero da abin da ake yi da shi, ya auna dawa da tsayinta. Daidai yake da mai awo da ya auna wa mutum ɗaya hatsi da mudu, ya auna wa na biyu da tiya, sa'an nan ya ce a faɗi wanda ya fi samu.

A nan ne uba zai shigo, ba da faɗa ba, da tambaya kaɗai. "To, ka ce ana fura da gero. Da dawa fa, me ake yi?" Sai yaro ya tuna da tuwo da kamu. "Ka ce dawa tana da tsawo. Gero fa?" Kowace magana da yaro ya faɗa a kan ɗaya, a mayar masa da ita ya faɗe ta a kan ɗayan. Wannan ƴar kalma "fa" ita ce mabuɗin aikin duka. In iyaye ba su riƙe kome daga wannan rubutu ba sai ita, sun riƙe abu mai yawa.

Da zarar yaro ya gane haka, sai a taimake shi ya tara ma'aunan da kansa. Lokacin nuna ma'auni ne: gero yakan nuna cikin wajen wata uku, a girbe shi tun ruwa bai ɗauke ba, shi ya sa yake fitar da manomi daga yunwar tsakiyar damina, dawa kuwa, irin su kaura da farafara, sai ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sa'an nan a yanke ta. Irin ƙasa ma'auni ne: gero yana jure jigawa da ƙarancin ruwa fiye da dawa, ita kuwa ta fi son ƙasa mai ɗan nauyi wadda take riƙe laima. Siffar kai ma'auni ce: zangarniyar gero doguwa ce a dunƙule kamar kyandir, ta dawa kuwa mai rassa ce. Ga girman ƙwaya, ga launi, ga amfanin kara wajen danga da abincin dabbobi, ga farashi a kasuwa. Yaron da ya fito daga yankin da ake dashen dauro, ko wanda iyayensa suke noman acca, sai ya sa abin da ya sani a maimakon gero. Ba hatsin ne muhimmi ba, tambayar da aka yi wa kowannensu ita ce dole ta zama iri ɗaya.

Wani abin lura kuma shi ne, yara sukan yi gaggawa zuwa ga bambanci su manta da kama. In ka tambaye su inda gero da dawa suka yi kama, sai su yi shiru, domin abin ya yi kusa da ido har ba su ganinsa. A tuna musu cewa dukansu hatsi ne, dukansu da damina ake shuka su, dukansu a rumbu ake ajiye su, tsuntsaye suna yi wa dukansu ɓarna, wuta-wuta kuma ba ta bar ko ɗaya ba. Kamar da ke tsakaninsu ita ce ta sa kwatancin ya yi ma'ana tun farko. Ba wanda zai ɓata lokacinsa yana kwatanta gero da keke.

Da'ira biyu a ƙasa

Ɗalibanmu sun san zanen nan na da'ira biyu masu shiga juna, wanda suke gamuwa da shi a darasin lissafi. Wani masani ɗan Ingila mai suna John Venn, malami a jami'ar Kambirij, shi ne ya bayyana shi a shekarar 1880, shi ya sa ake kiran zanen da sunansa. Amma ba sai da allo ko littafi ake yin sa ba. A tsakar gida ma, da tsinke ko guntun gawayi, yaro zai iya zana da'ira biyu, bakin ɗaya ya shiga cikin ɗaya. Abin da ya keɓanta ga abu na fari a sa shi hagu, na abu na biyu a sa shi dama, abin da suka yi tarayya a kai a sa shi a tsakiya. Ƙananan yara waɗanda ba su iya rubutu ba tukuna suna iya ajiye tsakuwa a maimakon kalma, suna faɗi da baki.

Na fi son a gwada wannan zane da jemage da tsuntsu, gama a nan ne yara suke gardama, gardamar kuwa tana da amfani. A tsakiya za su sa tashi sama da fiffike. Daga nan sai a tambaye su, "Wa ya taɓa ganin ƙwan jemage?" Ba wanda ya taɓa gani, domin jemage haihuwa yake yi, yana kuma shayar da ɗansa nono. Jikinsa gashi ne irin na ɓera, ba irin na kaza ba, yana da haƙora, fiffikensa kuma fata ce a shimfiɗe tsakanin dogayen yatsu. Kafin a gama, yaro ya ga da idonsa cewa tsakiyar zanen ba ta da kaya da yawa, gefe biyun ne suka cika. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Malamin kimiyya zai yi mako guda yana ƙoƙarin dasa wannan a kan ɗalibai, ga shi an gama shi a tsakar gida kafin tuwo ya nuna.

Sai dai in ja kunne a kan abu ɗaya. Zane ba rubutu ba ne. Na ga ɗalibai da yawa waɗanda suka ƙware wajen cika da'ira, amma in aka ce su mayar da abin jimla sai hannu ya tsaya. Zanen kamar tara itace da duwatsun murhu ne. Girkin yana gaba.

Daga baki zuwa takarda

Harshen Hausa yana da kayan aikin kwatanci isassu, yaro kuma yana amfani da su kullum ba tare da ya lura ba. Yana cewa "ya fi", "bai kai ba", "ya ɗara", "daidai da", "kamar", "gara", "gwamma". Wajen haɗa jimla kuma akwai "amma", "shi kuwa", "ita kuwa", "alhali", "saɓanin haka", "haka nan", "dukansu biyu". Waɗannan ƙananan kalmomi su ne igiyar da take ɗaure abu biyun. Ɗalibin da na ambata a farko bai yi amfani da ko ɗaya daga cikinsu ba a shafi biyu cur.

Ga wasa mai sauƙi da za a iya yi bayan cin abincin dare. Uwa ta faɗi rabin jimla, yaro ya ƙarasa. "Risho ba ya cika ɗaki da hayaƙi kamar murhun itace, amma..." Yaro ya ce, "amma sai an sayi kananzir, itace kuwa muna iya samowa a gona." "Akuya da tunkiya dukansu suna tuƙa, sai dai..." Yaro ya nemi abin da zai biyo baya. In ya ƙarasa da abin da bai dace da rabin farko ba, ƙannensa ma za su yi masa dariya, ya gyara da kansa. Bayan an yi biyar ko shida da baki, sai a ce ya zaɓi uku ya rubuta a littafi. Minti 15 ya isa. In aka mai da abin horo, aka tsare yaro sa'a biyu ƴan'uwansa suna wasa a waje, to an koya masa ƙin rubutu ne.

Wasu iyaye sukan damu cewa jarrabawa da Turanci ake yi, don me za a ɓata lokaci da Hausa ko harshen gida? A ganina wannan damuwa ba ta da tushe. Tunanin ɗora abu biyu a kan ma'auni ɗaya ba na wani harshe ba ne. Yaron da ya iya shi da Hausa, ko da harshen kakanninsa, aikin da ya rage mana a aji kaɗan ne, wato mu ba shi kalmomin Turanci. Wanda bai iya shi da kowane harshe ba, ko ya haddace ƙamus ba zai amsa tambayar ba. Akwai dai wuri guda da Hausa da Turanci suka saɓa, ɗalibai su kula da shi. Mu da aikatau muke kwatanci, mu ce "Kano ta fi Jos zafi". Turanci kuwa siffar yake canzawa, ko ya ƙara mata ɗan wutsiya a ƙarshe, ko ya sa wata kalma a gabanta, amma ba ya haɗa biyun a kan siffa ɗaya. Turancin kasuwa ya bi hanyar da ta yi kama da tamu, shi ya sa yakan zo wa yaro da sauƙi a baki, ya kuma jawo masa jan biro a takarda.

In jimloli sun fara zama, sai a koma ga tsarin dukan rubutun. Hanya biyu ce. Ta fari ita ce a gama da abu na ɗaya dukansa, sa'an nan a shiga na biyu, amma da sharaɗin a bi ma'aunan a jere iri ɗaya: in an fara da lokacin nuna a wajen gero, a fara da shi a wajen dawa. Ta biyu ita ce a ɗauki ma'auni ɗaya a auna duka biyun a sakin layi guda, sa'an nan a ɗauki ma'auni na gaba, su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa har ƙarshe. Hanyar farko ta fi sauƙi, tana kuma yi wa gajeren rubutu kyau, amma ita ce take da ramin da ɗalibinmu ya faɗa. Ni dai ina ba masu koyo shawara su riƙe ta biyu har hannunsu ya faɗa, domin ba ta barin mutum ya manta da ɗayan.

Ga misalin sakin layi a hanya ta biyu, irin wanda ɗan aji ɗaya ko biyu na ƙaramar sakandare zai iya rubutawa:

"Jos da Kano dukansu manyan birane ne a arewacin Nijeriya, amma yanayinsu ba ɗaya ba ne. Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200 daga bakin teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. Saboda haka Jos ta fi Kano sanyi, har ana noman dankalin Turawa da yawa a kewayenta, alhali manoman Kano sun fi ba da ƙarfi ga gero da dawa da gyaɗa."

A lura da kalmar "saboda haka". Yaron bai tsaya ga faɗin bambanci ba, ya nuna abin da ya kawo shi da abin da ya haifar. Wannan shi ne matakin da yake raba amsa mai kyau da amsa mai matuƙar kyau, tambayar da take kai yaro wurin kuwa gajeriya ce: "Me ya sa?"

Kaka ma malama ce

Babu abin kwatanci da yara suke jin daɗinsa kamar da da yanzu, kayan aikinsa kuma suna zaune a gida a kan tabarma. A tura yaro wurin kakarsa ko kakansa da littafi da fensir, ya gaishe su da ladabi, ya tambaye su yadda kuɗi yake a ƙuruciyarsu. Za su gaya masa zamanin fam da sule da sisi, lokacin da sule 20 ne fam ɗaya, kwabo 12 kuma sule ɗaya. A ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kobo, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ɗaya ya zama kobo 10. Ya tambaye su hasken dare, daga aci-balbal zuwa fitilar ƙwai zuwa fitila mai caji. Ya tambaye su yadda ake aika saƙo kafin wayar hannu, kwana nawa wasiƙa take yi a hanya, wa yake karanta wa wanda bai iya karatu ba. Ya tambayi waɗanda suka shiga makaranta a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yadda ajinsu yake, ya gwada da nasa.

A nan akwai wani tarko, kuma manya ne suke faɗa masa fiye da yara. Tsoho zai ce kome na da ya fi, yaro kuma ya ce kome na yanzu ya fi. Wanda ya yanke hukunci tun kafin ya auna ba kwatanci yake yi ba, kamfe yake yi wa ɗan takararsa. Ya kamata a sa yaro ya nemo aƙalla abu ɗaya da ɓangaren da ba ya so ya fi kyau a kai. In ya ce wayar hannu ta fi wasiƙa, madalla, sauri dai ba a gardamarsa. Amma wasiƙar da kakansa ya rubuto daga wurin aiki tana nan a ƙasan akwati bayan shekara 40, saƙon da ya shigo waya bara kuwa ina yake? Ba a hana yaro ra'ayi. Ana so ne ra'ayin ya zo a ƙarshe, bayan an ga awon, ya kuma faɗi ga wa abin ya fi, a wane hali. Keke ya fi babur ga mai zuwa gona kusa wanda ba shi da kuɗin mai. Babur ya fi keke ga wanda zai kai mara lafiya asibiti da tsakar dare.

Akwai kwatanci guda wanda nake roƙo a bar shi sam, shi ne kwatanta yaro da ɗan'uwansa. "Dubi yayanka, shi kullum na ɗaya, kai kuwa..." Mu malamai muna ganin abin da wannan magana take yi wa yara in sun dawo makaranta, mun kuma san ba ta taɓa ƙara wa kowa maki ba. Haka nan kada a ba yara aikin kwatanta ƙabila da ƙabila, ko gidan wane da gidan wane. In ana so a kwatanta yaro da wani, a kwatanta shi da kansa: a ajiye rubutunsa na makon farko na hutu, a fito da shi a mako na ƙarshe, a sa su gefe da gefe, shi da kansa ya faɗi abin da ya canza.

Game da gyara kuma, iyayen da suka iya karatu sukan kama kuskuren harafi su bar babban abu. A bar mana haruffa da waƙafi, aikinmu ne. Abin da za ku duba, ko ku saurara in yaro yana karanta muku da ƙarfi, shi ne ko duk abin da ya faɗa a kan ɗaya ya faɗi takwaransa a kan ɗayan, da kuma ko ya ambaci kama, ba bambanci kaɗai ba. Uwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba tana iya tsayar da ɗanta a tsakiyar karatu ta ce, "Tsaya, ka faɗi kuɗin manja, ban ji kuɗin man gyaɗa ba."

Ku kuma ɗalibai, musamman ƴan manyan azuzuwa waɗanda jarrabawar fita take gabanku, kada ku ga kamar wannan wasan yara ne. Ku zama ku ne masu yi wa ƙannenku tambayar "fa" da "me ya sa", za ku tarar kuna gyara naku rubutun a hanya. Ku ware littafi guda mai shafi 40 domin wannan aiki, ku rubuta kwanan wata a kan kowane kwatanci, biyu a mako sun isa. In an dawo hutu ku zo da shi, ku nuna wa malamin harshe na ajinku a makon farko.